Ƙas-ƙas ɗin Safe: Abin da Injin Mota Yake Faɗa Kafin Ya Ɗauki Zafi

Cikin duk ƙarar da mota take yi, babu wadda take wahalar da bakanike kamar ta safe, domin ba ta jiran a kai ta gareji. Mutum ya fito zai kai yara makaranta, ya murɗa makulli, injin ya tashi, sai ya ji ƙas-ƙas-ƙas daga ƙarƙashin bonet kamar tela yana taka keken ɗinki. Kafin ya gama gyara madubi ƙarar ta ɗauke. Hankalinsa bai kwanta ba, da hantsi ya biya gareji. Oga ya sa yaro ya tayar da motar, aka buɗe bonet, aka taka totur, aka kasa kunne, injin sumul. "Alhaji, ai motarka lafiyarta ƙalau." Washegari da safe ta sake.

Oga bai yi ƙarya ba, kuma ba rashin iya aiki ba ne. Tafiyar da aka yi daga gida zuwa gareji ita ta share shaidar. Abin da ya rage masa shi ne canki-canka, kuma cankin da aka fi yi a garejinmu biyu ne: ko a ce a zuba mai mai kauri, ko a ce a sauke injin. Na farko yana rufe ciwo, na biyu yana cinye kuɗin da sau da yawa ba a buƙaci kashe ko kusa da shi ba. Shi ya sa a wannan matsalar mai mota ne likitan farko, ko yana so ko ba ya so. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma ba wani ilimin kanikanci ake nema a wurinsa ba, agogo kawai zai duba, ya san tsawon lokacin da ƙarar take ɗauka kafin ta mutu.

A fara cire wata ƙara daga lissafi. In ka murɗa makulli ka ji ƙat-ƙat-ƙat da sauri amma injin bai juya ba, fitilun gaban direba suna lumshewa, wannan batir ne ya yi sanyi, ko kansa ya kwance ko ya yi tsatsa, wutar da ke zuwa ba ta isa ta riƙe kik ba. Zancenmu a kan injin da ya tashi ne yana aiki, amma da ƙara.

Abu biyu ne suke samun injin da ya kwana. Baƙin man da ke sama, wajen bawul-bawul (ƙofofin da iska ke shiga silinda, hayaƙi ke fita) da kamshaf (sandar da ke juyawa tana danna su su buɗe), yana tsiyaya a hankali ya koma kaskon da ke ƙasa. Ƙarfe kuma yana hucewa ya tsuke, ratar da ke tsakanin sassa ta sauya. Da an tayar da injin duka biyun suna komawa daidai, amma kowanne da nasa saurin. Famfon mai yana tura mai sama cikin 'yan daƙiƙu. Zafi kuwa ba a yi masa gaggawa, sai an yi mintuna kafin ƙarfe ya buɗe. Saboda haka ƙarar da ta mutu cikin daƙiƙa biyu zuwa biyar, kusan kullum zancen mai ne. Wadda take raguwa sannu a hankali har ta ɓace bayan minti biyar ko goma, zancen zafi ne. Wadda ba ta mutuwa sam tana da nata bayanin. Wadda kuwa take ƙaruwa yayin da injin yake ɗaukar zafi, ita ce abar tsoro.

Mu fara da ta daƙiƙu, don ita ta fi yawa. Tsakanin kamshaf da kowane bawul akwai abin da makanikai ke kira tafet ko lifta. A injina da yawa, liftan ɗan ƙaramin gwangwani ne da mai yake cikawa, man da ke ciki shi yake tokare shi ya cike rata, don kada kamshaf ya riƙa dukan bawul daga nesa. Duk lokacin da aka kashe injin, dole a sami wasu bawul da suka tsaya a buɗe, sifirin ɗinsu yana danne liftan har gari ya waye, ya matse man da ke ciki. Da safe liftan ya tashi fanko, ƙarfe ya riƙa taɓa ƙarfe har mai ya iso. In abin bai wuce 'yan daƙiƙu ba, musamman bayan mota ta yi kwanaki a ajiye, ba ciwo ba ne. In ya fara kai minti ɗaya ko biyu, ko kullum yana ƙara tsawo, to ko liftan ya gaji, ko datti ya toshe 'yar ƙofar da mai ke shiga, ko man ba ya isowa da ƙarfin da ya kamata.

Sai dai ba kowane inji ne yake da irin wannan liftan ba, kuma a nan ake yawan yi wa mutane rufa-ido. Injin 1ZZ na Corolla ta 2003 zuwa 2008, da 2AZ na Camry ɗin da muke kira Big Daddy da Muscle ta farko-farko, tafet ɗinsu ƙarfe ne zalla, babu mai a cikinsa. Na injin K24 na Honda Accord kuwa da noti ake saita shi. Duk wanda ya ce maka lifta ce ta zubar da mai a waɗannan injinan, ka san bai san abin da ke ƙarƙashin murfin ba. Masu lifta mai cin mai su ne irin 2ZR na Corolla daga 2009, da 2AR na Camry daga 2010, da 2TR na Hilux da Hiace masu fetur. Sanin sunan injinka ya fi sanin laƙabin motarka amfani a gareji.

Ni kaina sai da na sha wannan karatun. Wani hunturu na yi juye a wani wuri na bakin titi saboda ina sauri, aka sa mini filtar da aka ce duk ɗaya ce, kuma ta fi araha. Daga washegari, kowace safiya sai injin ya yi wata ƙara busasshiya ta daƙiƙa uku ko huɗu, jar fitilar mai ta yi jinkirin mutuwa. Wani dattijon bakanike da na daɗe ina kai wa aiki bai ko buɗe bonet ba, tambaya ɗaya ya yi mini: "Malam, yaushe rabonka da juye?" Da na faɗa masa, ya ce in bar motar ta kwana. Da sassafe, kafin a tayar, ya kwance filtar, wadda a kwance take a jikin injin. Ya miƙo mini ita, na ji ta shafal kamar gwangwanin madarar da aka shanye. Ya nuna mini wata baƙar roba da ke leƙowa ta ƙananan hujojin da ke fuskar filtar, ya danna ta da ƙusa, ta ƙi motsi, ta ƙandare kamar tsohon takalmi. Aikin wannan robar shi ne ta rufe hanya idan an kashe injin, don kada man da ke cikin filta da hanyoyin sama ya koma ƙasa. In ba ta rufewa, kowace safiya sai famfo ya fara cika filta tukuna, injin kuma yana juyawa a bushe. Ya ce, "Abin da ka rage a kuɗin filta, injin ne yake biya kullum da safe." Aka sa ta ƙwarai, ƙarar ba ta sake ba. Araha ba ta ado, amma har ga Allah kafin ranar ban san akwai wata roba a cikin filta ba.

Akwai wata ƙarar ta daƙiƙu da ba ƙas-ƙas ba ce, ƙarrr ce, kamar an jefa tsakuwa a injin markaɗe, ta yi daƙiƙa ɗaya ko biyu ta ɗauke ɗif. Masu Accord ta 2008 zuwa 2012 mai silinda huɗu, wadda ake kira Evil Spirit, da yawansu sun san ta. A kan kamshaf akwai wata giya da ke sauya lokacin buɗewar bawul gwargwadon gudun injin, Honda na kiran tsarin VTC, Toyota na kiran nata VVT-i. Matsin mai ne yake juya giyar, kuma tana da wani ɗan fil da ke kulle ta idan injin ya tsaya. In fil ɗin bai shiga raminsa ba, da safe cikin giyar zai yi ta kaɗawa har mai ya cika ta. Honda da kanta ta fitar wa makanikanta takardar sanarwa a kan wannan, wasu injinan Toyota ma an san su da irinta. Motoci da yawa suna shekaru da wannan ƙarar ba su tsaya ba, amma maganinta canja giyar ne, babu man da zai gyara fil ɗin da ya cinye.

Abin da ya sa ba na son a yi sakaci da ƙarrr shi ne tana kama da ta sarƙar taimin, wato sarƙar da ke juya kamshaf daidai da motsin fistin. Abin da ke ɗaure sarƙar, wato tenshina, shi ma da matsin mai yake aiki a yawancin injina. In ya gaji, ko sarƙar ta miƙe, ko robobin da take bi a kai sun cinye, da safe sarƙar za ta yi ta dukan gefe kafin mai ya zo. Bambancin shi ne wannan ba ta tsayawa wuri ɗaya: wata uku da suka wuce daƙiƙa ɗaya ce, yanzu ta kai biyar, har ta fara yi ko da injin na da ɗumi, wani lokaci fitilar cek ta kama. Injinan TSI na Volkswagen da Audi na wajajen 2008 zuwa 2012 sun yi ƙaurin suna a kan wannan, sarƙa ta tsallake haƙori a lokacin tayarwa, fistin ya haɗu da bawul, aikin tenshina ɗaya ya koma aikin top silinda, wato kan injin da bawul suke ciki, gaba ɗaya. Ƙarar da take girma, ko ta daƙiƙu ce, ba a ba ta wata guda.

Yanzu sai zancen da nake ganin ya fi kowanne cutar da motocinmu, wato kaurin mai. Ɗabi'ar zuba mai mai lamba 20W-50 a kowace mota gadonta muka yi daga zamanin Fijo 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna tun 1975. Wancan injin da faɗin rata aka ƙera shi, babu giyar da mai ke juyawa, babu ƙananan hanyoyi masu rariya, mai kauri bai dame shi ba. Makanikan da suka koyi aiki a kansa su suka koyar da waɗanda suke garejinmu yau, ɗabi'ar ta biyo su har kan Corolla da aka rubuta 5W-30 a murfin manta, har kan waɗanda aka rubuta 0W-20. Lambar farko mai harafin W tana nuna yadda man yake gudu cikin sanyi, ƙaramar lamba ta fi saurin tafiya. Ta biyu tana nuna kaurinsa a digiri 100 na ma'aunin Salshiyas. Kenan wanda motarsa take ƙara da safe saboda mai yana jinkirin isa sama, aka ba shi 20W a madadin 5W, an ƙara masa jinkirin ne. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Hujjar da ake kawowa ita ce ƙasarmu da zafi, kuma ba hujjar banza ba ce, a bazara Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai duk suna haura digiri 40. Amma injin da lagiretonsa ke aiki, zafin cikinsa kusan ɗaya ne ko a Kano yake ko a Landan, ruwansa yana zagayen digiri 90. Inda yanayin gari ya fi tasiri shi ne da safe, kuma safiyar hunturu a Kano tana sauka ƙasa da digiri 15, a Jos ma ta fi haka sanyi. Na yarda tsohon injin da ya riga ya buɗe, yana hayaƙi yana shan mai, zai iya amfana da a ƙara masa kauri mataki ɗaya, kuma littafin wasu motocin da aka ƙera don ƙasashen zafi ya ba da zaɓi fiye da ɗaya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar da kauri maganin ƙara. Haka wancan ruwan mai yauƙi kamar zuma da ake ce wa tiritiman. Yana sa ƙara ta lafa, gaskiya ne, kamar yadda toshe bakin mara lafiya yake sa nishinsa ya lafa.

Kafin ma a je ga kauri, a zaro gejin mai a duba, mota a wuri mai daidai, injin a kashe. Abin kunya ne yawan injinan da suke ƙara don kawai man ya yi ƙasa. Injin 2AZ na shekarun 2007 zuwa 2009 an san shi da shan mai ta zoben fistin ba tare da ɗigo a ƙasa ba, mai shi yana jiran ranar juye, kaskon kuma ya kusa bushewa. Cikawa fiye da ƙima ma ɓarna ce, karanshaf, wato babbar sandar ƙasa da fistin suke juyawa, zai riƙa kaɗa man ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta tokare lifta. Ga kuma halin da aka shiga tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuma darajar naira ta faɗi: galan ɗin mai na ƙwarai ya yi tsada, mutane suna jan juye har ya wuce lokacinsa, wasu sun koma man da ake aunawa a gora ba a san asalinsa ba. Irin wannan shi yake daskarewa ya zama baƙin kunu, ya toshe rariyar da ke bakin bututun da famfo yake tsotso mai. Buɗe murfin zuba mai ka haska tocilan ciki. In ka ga ƙarfe da launin zuma, da sauƙi. In ka ga baƙin dafe-dafe kamar gindin tukunya, ka samo bakin zaren.

Ƙarar da take bin zafi labarinta daban ne, kuma mai ba shi da hannu a ciki. Wadda ta fi yawa ita ce yoyon manifol, wato ƙarfen da ke tattara hayaƙi daga jikin injin ya miƙa wa salansa. Wurin yana shan wuta yana hucewa sau dubbai, har ya tsage, ko gasket ɗinsa ya ƙone, ko noti ya karye. Da sanyi tsagar a buɗe take, duk lokacin da silindar ta fitar da hayaƙi sai a ji cis-cis-cis mai kaifi, wadda kunne yake ɗauka tafet ce. Bayan 'yan mintuna ƙarfen ya buɗe ya rufe tsagar, shiru. Alamominta ba su da wuyar ganewa: ta fi fitowa idan an taka totur mota na jan kaya ko tana hawa tudu, an fi jin ta ta gefen tayar gaba fiye da saman injin, akwai warin hayaƙi a ƙarƙashin bonet, kuma in aka duba da kyau za a ga baƙin tabon hayaƙi a inda yake fita. Injin V8 mai lita 4.7 na Land Cruiser da LX470 da Sequoia sananne ne da tsagewar manifol. A Amurka kuwa, masu motocin ɗaukar kaya na Ram masu injin Hemi suna kiran ciwo biyu da suna ɗaya: ɗaya notin manifol ne da ya karye, ƙararsa tana ɓacewa da zafi, ɗayan kuma lifta ce da ta lalace tana cin kamshaf, ƙararta ba ta ɓacewa. Kunne yana jin su iri ɗaya, agogo ne yake raba su, kuma kuɗin gyaransu ko kusa ba ɗaya ba ne. Yoyon manifol ba ya kashe inji nan take, amma ba a raina shi, domin hayaƙin yana iya shiga cikin mota, a hunturu kuma gilasai a rufe ake tafiya da yara.

Ɗayar ita ce kaɗawar fistin. Fistin na alminiyam ne, alminiyam kuwa yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfen da ake zuba bulok da shi, don haka da sanyi fistin yana da ɗan wasa a cikin silinda. In ratar ta yi yawa zai riƙa dukan bango, ƙwal-ƙwal, sauti mai rami kamar ana ƙwanƙwasa tulu, daga tsakiyar injin. Yana ɗaukar zafi ya cika wurinsa. Injinan V8 na kamfanin GM na ƙarshen shekarun 1990 da farkon na 2000 da yawa da wannan ƙarar suka fito tun suna sababbi, suka kuma yi tsawon rai da ita. In ba ta ƙaruwa, mota ba ta hayaƙi, ba ta shan mai, ni ban ga dalilin sauke inji ba. A dai bi shi a hankali har ya ɗumama.

To amma yaya injin zai ɗumama in an cire masa tamostat? Wannan ma wata ɗabi'a ce tamu: mota tana shigowa daga Kwatano ko Legas, abu na farko a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye. A yawancin injinan Toyota tamostat yana buɗewa ne a wajen digiri 82, aikinsa ya tsare ruwa a cikin injin har ya kai zafin aiki. Ba shi, da safiyar hunturu allurar zafi sai ta kwanta a ƙasa har ka isa inda za ka. Duk ƙarar da zafi ke kashewa za ta daɗe, kwamfutar motar za ta yi ta zuba fetur da yawa a zaton injin bai farka ba, rarar fetur ɗin tana wanke bangon silinda tana gangarawa cikin mai.

Sai ƙarar da ba ta mutuwa. A nan ƙidaya take taimakawa. Kamshaf yana juyawa sau ɗaya ne duk lokacin da karanshaf ya juya sau biyu, don haka in injin yana silo, wato yana aiki ba a taka totur ba, a kan juyi 800 a minti, bawul ɗaya mai rata zai yi ƙas kusan sau bakwai a daƙiƙa, kuma saurin zai bi totur sawu da ƙafa. Nozul-nozul masu fesa fetur ma suna ƙis-ƙis mai laushi, wannan aikinsu ne, a sababbin motocin da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda ma ƙarar famfonsu har takan sa a zaci dizal ne. Fulogin da ya kwance yana yin irin ƙarar yoyon manifol, wayar fulogi da ta tsage tana yin tas-tas, in ka buɗe bonet cikin duhu za ka ga tartsatsin. A injinan da ake saita tafet da hannu kamar K24, ratar da ake bari kusan rubu'in milimita ce, da ma'auni ake auna ta, injin a sanyaye. Ina jan kunnen mutane a nan: bakaniken da ya ɗaure tafet da kunne har injin ya yi tsit bai taimake ka ba. Bawul ɗin da ba shi da rata ba ya zama sosai a mazauninsa, ba ya sauke zafinsa, ƙarshensa ƙonewa. Tafet mai ɗan surutu ya fi mai shiru lafiya. Masu mayar da mota kan iskar gas ta CNG su lura da wannan fiye da kowa, domin busasshen makamashi yakan ci mazaunin bawul, ratar ta riƙa tsukewa ba tare da wata ƙara da za ta yi gargaɗi ba.

Wadda ake tsoro daga ƙasa take fitowa, gwaf-gwaf mai nauyi kamar ana buga guduma a cikin ɗaki a rufe. Wannan metal ne, wato zoben ƙarfen da karanshaf yake juyawa a cikinsa, na kon rod (sandar da ta haɗa fistin da karanshaf) ko na karanshaf. Farkonta takan bayyana da safe na daƙiƙa ɗaya ko biyu kafin fitilar mai ta mutu, shi ya sa ake ruɗa ta da ta filta. Daga baya ta juya hali: mai yana zafi yana sirancewa, ita kuma tana ƙara fitowa, musamman in an ɗan taka totur an saki. Tsofaffin makanikai suna gwada ta da cire wutar silinda ɗaya bayan ɗaya, in an zo kan mai ciwon ƙarar za ta ragu, tafet kuwa ko a jikinsa. In jar fitilar mai tana ƙyaftawa a silo bayan doguwar tafiya, kada a ce waya ce ta kwance. Wannan fitilar ba ta kamawa sai matsin ya faɗi warwas. A injin 1ZZ, littafin gyara yana neman matsin da bai gaza 43 ba a ma'aunin matsi na psi, a juyi 3,000, fitilar kuwa sai an sauko kusa da psi 3 ko 4 take magana. Tsakanin nan da can akwai fili mai faɗi da injin zai yi ta cinyewa direba bai sani ba. Agogon auna matsin mai da ake ɗaurawa a mazaunin suwic ɗin fitilar ba shi da tsada, amma garejin da ke da shi ba su da yawa. Duk wanda zai sauke maka inji bai auna ba, ka tambaye shi da me ya gane. In kuwa gwaf-gwaf ta tabbata, a kashe mota a jawo ta. Tafiyar kilomita biyar zuwa gareji ta isa ta mayar da canjin metal sayen wani injin ɗan Beljiyam.

Manyan motoci da masu dizal suna bin wannan ƙa'idar, da ɗan ƙari. Dizal ba shi da fulogi, zafin iskar da aka matse ne yake kunna shi. Da sanyi man yakan yi jinkirin kamawa, ya taru, sannan ya kama gaba ɗaya, shi ne ƙwaram-ƙwaram ɗin da ake ji a tasha da asuba. In ta lafa da zafi, lafiya lau. In ta zo da farin hayaƙi da rawar inji, a duba hita, wato abin da ke ɗumama cikin silinda kafin a tayar, a injinan da ke da ita. In silinda ɗaya ce take ƙara mai kaifi fiye da sauran, nozul ne yake ɗigo ko ba ya fesawa daidai, kuma nozul mai ɗigo yana iya huda fistin. Masu Hilux da Prado na dizal mai injin 1KD suna da wani abin lura na musamman: washar jan ƙarfe da ke ƙarƙashin nozul in ta fara yoyo, hayaƙi yana shiga cikin mai ya daskarar da shi ya toshe rariyar famfo, ciwon da ya faro daga sama ya je ya kashe metal a ƙasa. A tirela da tifa kuwa, irin DAF da MAN da Howo, saita ratar bawul aiki ne mai lokacinsa kamar juye, ba sai an ji ƙara ba. Tsofaffin direbobi ba sa motsawa sai allurar mai ta tashi, tankin iskar birki ya cika. Yaron motar da yake tayarwa ya zabga totur don a san ya iya, turbo, wato abin da ke cusa wa injin iska, yake lalatawa, domin a wannan daƙiƙar mai bai kai gare shi ba.

Abin da zan so mai mota ya yi kafin ya je gareji bai fi aikin safiya biyu ba. Da daddare ya ajiye motar inda zai iya buɗe bonet, ya duba mai. Da safe ya kashe rediyo da na'urar sanyaya mota, ya sa wani ya murɗa makulli shi kuma yana tsaye a gaban injin da waya tana ɗaukar bidiyo tun kafin a tayar, kada a taɓa totur. Wanda ke ciki ya ƙirga daƙiƙun da jar fitilar mai take yi kafin ta mutu. A bar bidiyon ya yi minti biyar, a zagaya da wayar sama, gefe, da ƙasa wajen taya. In ƙarar tana daɗewa, doguwar sukundireba ta isa abin saurare: bakinta a kan murfin bawul, ko jikin nozul, ko murfin sarƙa, ko bulok, marikinta a kunne, hannun babbar riga a naɗe, nesa da fanka da fambel. Da rana bayan motar ta huta awa ɗaya a sake tayarwa a ji ko ta yi. Da wannan bidiyon za a je wa Oga, tare da ranar juye na ƙarshe, da irin man da aka zuba, da irin filtar. In duk da haka bai gamsu ba, a bar masa motar ta kwana, amma a riƙe makullin, a dawo da shi da sassafe, don kada yaran gareji su riga ku tayar da ita su matsar da ita daga bakin ƙofa.